Nawa Ya Kamata Mai Son Rage Ƙiba Ya Ci A Yini?

(Laccar da aka gabatar a dandalin ƙungiyar ɗalibai)

 Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama ta tsayawa a gabanku, alhali a cikinku akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani. In mun yi daidai, to, daga Allah ne; in kuwa mun kauce, sai malamanmu su yi mana gyara.

Mun sani sarai cewa da aka lika sanarwar wannan lacca wasu sun yi dariya, suna cewa yaya za a yi wa ɗalibi maganar rage abinci, shi da kullum yake ƙirga 'yan kuɗinsa ko za su kai shi ƙarshen wata a kan garau-garau? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Da yawa daga cikinmu ƙarin abinci suke bukata, kuma za mu faɗi yadda mutum zai gane ko yana cikinsu. Amma mu dubi yayyenmu da suka gama karatu shekaru uku ko huɗu da suka wuce. Wanda muka sani siriri kamar sillen kara, yau ya dawo da tumbi, rigarsa ta ɗame shi, mu kuma muna yi masa barka, muna cewa aiki ya karɓe shi. Ba a cika shekaru goma ba sai mu ji an ce likita ya hana shi gishiri, ko kuwa an ɗora shi a kan maganin ciwon sukari. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan'uwanmu, musamman mata, waɗanda ƙiba ta dama har suka shiga horar da kansu da yunwa, suna wuni da ruwan shayi, suna shiga aji jiri na ɗibarsu. Domin waɗannan mutane biyu muka tsaya a nan yau.

Al'amarin ya wuce ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 manyan mutane biliyan 2.5 ne nauyinsu ya zarce ƙima, kuma daga cikinsu kimanin miliyan 890 suna da ƙiba mai cutarwa. Yawan masu irin wannan ƙiba a cikin manya ya ninka fiye da sau biyu daga 1990 zuwa wannan shekara. Ƙiba kuwa ita ce ke share wa hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya da ciwon gwiwa hanya.

Abin da muke so mu tabbatar a wannan lacca guda ɗaya ne. Babu wani adadin abinci da ya dace da kowa da kowa. Kowane mutum yana da nasa awon, wanda zai iya lissafawa da biro da takarda; in ya same shi sai ya rage kaɗan daga ciki, ya daure a kan haka wata da watanni, kada kuma ya sauka ƙasa da iyakar da jiki zai iya ɗauka. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wa ya kamata ya rage?

Kafin mutum ya tambayi nawa zai ci, sai ya fara tambaya ko ma yana bukatar ragewa. Akwai wani ma'auni mai sauƙi wanda asalinsa ya fito daga wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet a ƙarni na 19. Yadda ake yi shi ne, mutum ya auna nauyinsa da kilo, ya auna tsawonsa da mita, ya ninka tsawon da kansa, sa'an nan ya raba nauyin da abin da ya samu. Alal misali, mai nauyin kilo 90 da tsawon mita 1.72, in ya ninka 1.72 sau 1.72 zai sami 2.96, in ya raba 90 da wannan zai sami 30.4.

Bisa ga rabon Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya sami ƙasa da 18.5 ramamme ne, ƙarin abinci yake bukata. Daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi ya yi daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya zarce. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai bukatar a tashi tsaye. Saboda haka duk wanda ya auna ya ga yana ƙasa da 25, kuma cikinsa bai turo ba, to, sauran wannan lacca ilimi ne kawai zai ƙara, kada ya je ya takura wa kansa don wata ƙawa ko wani aboki ya yi masa ba'a.

Wannan ma'auni yana da naƙasu, gama ba ya bambanta tsoka da kitse. Ɗan dambe ko mai ɗaga ƙarfe zai iya haura 25 alhali babu teɓa a jikinsa. Don haka a haɗa da awon ƙugu. A ari tef ɗin tela a zagaya ciki a tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin kwatangwalo. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce, kada faɗin zagayen ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 172 ya kamata cikinsa ya tsaya ƙasa da santimita 86. Kitsen da ya taru a ciki, wanda ya lulluɓe hanta da hanji, shi ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari.

Mene ne kalori?

Kalori awo ne na ƙarfin da ke cikin abinci, kamar yadda lita take awon man fetur. Kalori ɗaya irin wanda ake rubutawa a jikin ledar abinci shi ne yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin kimiyyar sinadarai na Amurka, Wilbur Atwater, ya yi gwaje-gwaje a kan abinci da mutane, ya fitar da alƙaluman da har yau ake aiki da su. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, watau sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake da ƙwai, shi ma kalori 4. Amma giram ɗaya na mai ko kitse kalori 9 yake bayarwa, fiye da ninki biyu ke nan. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa idan muka zo maganar tukunya.

Jiki yana kashe wannan ƙarfi ta hanyoyi uku. Hanya ta farko, wadda ta fi cin kaso mai yawa, ita ce ta riƙe rai kawai: bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, da ɗumama jiki. Ko mutum ya wuni a kwance wannan aiki ba ya tsayawa, kuma ga mai zaman ofis yana cinye wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da yake kashewa a yini. Hanya ta biyu ita ce narkar da abincin kansa, wadda ke cin kimanin kashi 10 cikin 100. Saura kuma motsi ne, daga tafiya masallaci zuwa wanki da wasan ƙwallo. Abin da aka ci ya yi rara, jiki ba ya zubar da shi, sai ya mayar da shi kitse ya ajiye a rumbu. Kilo ɗaya na wannan ajiya yana ɗauke da kalori kimanin 7,700.

Yadda ake lissafi

Sau da yawa za ku ji an ce namiji yana bukatar kalori 2,500 a yini, mace kuma 2,000. Wannan matsakaicin ƙiyasi ne, irin wanda hukumar lafiya ta Ingila take bayarwa ga jama'a gaba ɗaya. Manomin da ya wuni yana huɗa a tsakiyar damina zai ƙone fiye da haka nesa ba kusa ba, akawun da ya wuni a kan kujera kuwa ba lalle ne ya kai ba.

Masana sun daɗe suna neman hanyar da kowa zai san nasa. Harris da Benedict sun fitar da wani lissafi a 1919, sa'an nan a 1990 Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu suka kawo wanda ya fi dacewa da mutanen zamanin nan. Muna roƙon masu takarda su rubuta. A ninka nauyi na kilo sau 10. A ninka tsawo na santimita sau 6.25, a haɗa da na farko. A ninka shekaru sau 5, a ɗebe daga jimlar. Daga nan namiji ya ƙara 5, mace kuma ta ɗebe 161. Abin da ya fito shi ne kalorin da jiki yake ci yana hutawa. Sai a ninka shi da gwargwadon motsin mutum: 1.2 ga wanda kusan kullum a zaune yake, 1.375 ga mai ɗan motsi, 1.55 ga mai motsa jiki sosai kwana uku zuwa biyar a mako, 1.725 ga mai aikin ƙarfi kullum.

Bari mu buga misali da mutum biyu na ƙaddarawa. Na farko ma'aikaci ne ɗan shekara 28, nauyinsa kilo 90, tsawonsa santimita 172, daga gida sai mota, daga mota sai kujera. Nauyi ya ba shi 900, tsawo ya ba shi 1,075, jimla 1,975. A ɗebe 140 na shekaru, a ƙara 5, ya zama 1,840. In aka ninka sau 1.2 sai a sami kimanin 2,200. Ta biyu ɗaliba ce 'yar shekara 22, nauyinta kilo 78, tsawonta santimita 162, kullum tana takawa daga ɗakin kwana zuwa aji da laburare. Nata lissafin na hutu ya kama kimanin 1,520, in aka ninka sau 1.375 ya zama wajen 2,100.

Ku lura da abin da ya faru. Ƙaton namiji mai kilo 90 da 'yar ɗaliba mai kilo 78, tazarar da ke tsakanin bukatarsu kalori 100 ce kacal, domin ita tana tafiya shi kuwa yana zaune. Da ma'aikacin nan ya dogara da 2,500 da ya ji ana faɗa, da kullum yana cin rarar 300 yana zaton daidai yake ci. Wannan shi ne amfanin kowa ya yi nasa lissafin.

Nawa za a rage?

Shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce a rage kalori 500 zuwa 600 daga bukatar yini. Ma'aikacinmu sai ya koma cin kimanin 1,700, ɗalibarmu kuma 1,600. Ragin 500 a kwana bakwai ya zama 3,500, watau kusan rabin kilo a mako. Saukar da ake so ke nan, daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ba fiye ba.

Wani zai ce wannan ai tafiyar hawainiya ce. To, mu dubi inda za ta kai. Rabin kilo a mako, a wata uku ya zama wajen kilo shida. Kuma ba sai mutum ya koma yadda yake a sakandare ba kafin lafiyarsa ta amfana. A wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, an sa wani rukuni su yi ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Yawan kamuwa da ciwon a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a sa su a wannan tsari ba. Ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 kilo shida ne da 'yan kai. Ashe tafiyar hawainiyar wata uku ko huɗu tana iya raba mutum da allurar insulin ta tsawon rai.

Akwai kuma iyaka ta ƙasa. Shawarar da ta yaɗu a wurin masana ita ce kada mace ta sauka ƙasa da kalori 1,200 a yini, namiji kuma kada ya sauka ƙasa da 1,500, sai in likita ne yake lura da su. Dalili kuwa shi ne, ƙasa da haka yana da wuya abinci ya ƙunshi isasshen furotin da sinadarin ƙarfe da bitamin. Akwai tsarin kalori 800 ko ƙasa da haka da ake yi a asibiti ga masu ƙiba mai tsanani, na 'yan makonni ƙididdigaggu, ana auna jininsu. Wanda ya yi wa kansa irin wannan a ɗaki yana jawo wa kansa zubewar tsoka, da zubar gashi, da ƙarancin jini, da rikicewar al'ada ga mata, har da duwatsu a cikin maɗaciya, waɗanda ramewar gaggawa takan haddasa. Mace gajeriya wadda bukatarta duka ba ta wuce 1,700 ba, ta rage 300 kawai, ta cike saura da tafiya.

Darasin Minesota

Domin mu gane abin da yunwa take yi wa mutum, bari mu kawo wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945, ƙarƙashin jagorancin Ancel Keys. Yaƙin duniya na biyu ya jefa Turai cikin yunwa, ana son a san yadda za a farfaɗo da waɗanda suka galabaita. Samari 36 lafiyayyu, daga cikin waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu, suka ba da kansu. An fara ciyar da su fiye da kalori 3,000 a yini har wata uku, sa'an nan aka yanke abincin kusan rabi har tsawon wata shida, suna kuma tafiyar kimanin kilomita 35 a mako.

Sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu. Amma ƙarfin da jikinsu yake ƙonewa a hutu ya faɗi da wajen kashi 40 cikin 100, bugun zuciyarsu ya yi sanyi, kullum suna jin ɗari. Suka zama masu saurin fushi da baƙin ciki, ba sa iya tattara hankali, ba su da zance sai na abinci, wasu har tara littattafan girki suke yi. Da aka sake su su ci yadda suke so, da yawa suka dinga ci babu ƙoshi, har kitsen jikinsu ya zarce na da.

Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ya yi tunani a kan wannan. Ƙwaƙwalwar da ta shagala da tunanin abinci ba za ta riƙe karatu ba. Jiki kuma in ya ga an matsa masa da yunwa sai ya rage kashewa, ya ƙara kwaɗayi, kamar maigidan da ya hango fari ya rufe rumbu. Shi ya sa mai yanke abinci da gayya yakan riƙe sati biyu ko uku, sa'an nan ya karye, ya rama abin da ya wuce har da riba.

Ina 500 ɗin take a kwanonmu?

Yanzu sai mu shigo gida. Abin farin ciki shi ne, yawancinmu za mu iya samun ragin nan ba tare da mun taɓa tuwo ba. Kwalbar lemon zaƙi ta rabin lita tana ɗauke da kalori kimanin 210, sukarin da ke cikinta ya kai cokalin shayi 13. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne. Cokalin shayi ɗaya na sukari kalori 16 ne. Wanda ya bar lemo kwalba ɗaya, ya rage mai cokali biyu daga abin da ake kwarara wa shinkafa da wake ko ɗanwake, ya kuma rage sukari cokali uku a wurin mai shayi, ya tara 210 da 240 da 48, watau kusan 500 cif. Bai kwana da yunwa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini. Ga mai cin 2,000, giram 50 ke nan, kuma kwalbar nan guda ta riga ta cinye shi. Kada mu manta zoɓo da kunun zaƙi da fura su ma suna shiga wannan lissafi in an cika musu sukari. Abin sha ba ya tare ciki kamar abin tauna, don haka mutum yakan sha ɗaruruwan kalori ya tashi yana neman abinci.

Ga wasu alƙaluma na kusa da za su taimaka. Giram 100 na garin gero ko dawa ko masara kalori 350 ne ko sama kaɗan, saboda haka wanda ya saba malmala biyu ta tuwo ya koma ɗaya da rabi ya yi ragi mai auki. Giram 100 na dafaffiyar shinkafa kalori 130 ne, dafaffen wake kimanin 115, dafaffen ƙwai ɗaya kusan 80. Gyaɗa abinci ce mai kyau, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka a ci cikin tafin hannu ɗaya, kada a ajiye kwalba a gefen littafi ana ɗiba har ta ƙare. Ganye kuwa, irin su alayyafo da kabeji, giram 100 bai wuce kalori 25 ba. Soyayyen abu kamar ƙosai da fanke da waina da awara yana shan mai, shi ya sa alale ya fi ƙosai sauƙi alhali duk wake ne.

Daga nan ƙa'idar kwano ta fito. A cika rabinsa da ganye da kayan lambu, kwaɗon zogale ko rama, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe mai ƙarancin mai. Rubu'i a ba wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, gama furotin yana riƙe ciki, yana kuma kare tsoka yayin da kitse ke narkewa. Sauran rubu'in a sa tuwo ko shinkafa ko doya. Abincin kakanninmu bai yi mana laifi ba. Su sun ci tuwon dawa suka tafi gona da ƙafa, mu kuwa mun ƙara masa mai da sukari da lemo, muka kuma zauna.

Motsa jiki yana da nasa rabo, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Mai kilo 70 in ya yi tafiya da sauri ta rabin awa zai ƙone wajen kalori 150, bai ma biya kwalbar lemo ɗaya ba. Duk da haka tafiyar tana ƙarfafa zuciya, tana rage sukarin jini, tana taimakawa kada nauyin da ya tafi ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako.

Dubawa da gyarawa

Lissafin da muka bayar ƙiyasi ne, yana iya saɓa wa gaskiyar jikin mutum da kalori ɗari ɗaya ko biyu. Alƙalin gaskiya shi ne sikeli. A hau shi sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, da tufafi iri ɗaya, a rubuta. Kada a ruɗu da makon farko, domin yawancin abin da ke sauka a lokacin ruwa ne. A jira mako huɗu. In ana sauka rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, a ci gaba. In babu motsi, a fara bincikar abin da ake ci a manta, kamar ɗan tsire a hanya da biskit a ofis, kafin a ƙara rage 100 ko 200. In kuwa saukar ta yi gudu, ga jiri, ga kasala, a ƙara abinci.

Haka kuma a sani cewa saukar ba za ta ci gaba da gudu ɗaya ba. Kevin Hall da abokan aikinsa na cibiyar binciken lafiya ta Amurka sun nuna a 2011 cewa tsohon lissafin rabin kilo kowane mako yana zuzuta abin da za a samu in tafiya ta yi nisa, saboda ƙaramin jiki ƙaramin ƙarfi yake ci. Ma'aikacinmu in ya sauko kilo 82, bukatarsa ta ragu da kusan kalori 100. Don haka duk bayan kilo biyar a sake lissafi, kada a karaya.

Watan azumi ma yana ruɗar mutane. Wuni ba ci ba sha ba ya rage ƙiba in daga shan ruwa zuwa sahur an cinye abin da ya fi na kwanakin da. Jimlar yini ita ce abin dubawa. Addininmu ma ya hore mu da kada mu cika ciki, mu bar wa ruwa da numfashi gurbinsu.

Akwai waɗanda bai halatta su shiga wannan tsari da kansu ba: mai juna biyu, mai shayarwa, wanda bai kai shekara 18 ba, mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, mai ciwon ƙoda, mai amosanin jini, da duk wanda ke fama da wata doguwar jinya. Su fara ganin likita. Haka nan wanda ya ga tsoron abinci ya kama shi, yana ɓoye rashin cinsa, ko yana tilasta wa kansa amai bayan ya ci, wannan ciwo ne mai magani, kuma haƙƙin abokan ɗakinsa ne su raka shi asibiti ba tare da gori ba.

Game da shayin rage tumbi da ake talla, da yawansu zawo da fitsari kawai suke sawa, ruwa ya fita, kitse na nan daram. Akwai magungunan rage ƙiba na gaskiya, kamar allurar semaglutide da aka amince da ita don wannan aiki a Amurka a 2021, amma likita ne ke rubuta su ga wanda ya cancanta, kuma su ma tare da gyaran abinci suke tafiya. Irin wannan gargaɗi ya hau kan ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Duk ɗaya ne, wasa da lafiya don bakin mutane.

Shugaba, jama'a masu sauraro, muna da roƙo biyu. Na farko ga ƙungiyarmu: a nemi sikeli da tef a ajiye a ofishinta, inda kowane ɗalibi zai iya auna kansa kyauta, a kuma yi magana da masu sayar da abinci a harabar makaranta su bar mutum ya zuba mai da hannunsa, su riƙa kawo ganye da wake. Na biyu ga yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunku ba da daɗewa ba: albashin farko yana zuwa da kujera da abin hawa da nama, kuma a shekarun nan ne tumbi yake kafa tushe. Iyayenmu sun sayar da amfanin gona sun biya mana karatu suna sa ran mu daɗe muna amfanar su da ƙasa. Kowa ya koma ɗaki yau ya ɗauki biro ya fitar da nasa adadin, in yana bukatar ragi ya rage 500, ya ba kansa wata uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani.